Baba Azariya da Ƙanƙarar Gidan Milka

Da ƙarfe shida na safe, duk mai shara a layinmu na bayan kwatas ɗin reluwe ya san ƙarar da ke tafe. Keken Baba Azariya ne, mai gyaran famfo, da jakar buhu ɗaure a baya, sifana da zarto suna karo da juna a ciki. Yakan tsaya wajen mai ƙosai ya karɓi saƙonnin da aka bar masa, domin wayarsa ta zama ado, ba ya ɗauka. Daga nan sai gidan da famfo ya fashe ko bayi ya toshe. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan zagaye a Kafanchan. Lahadin da ta wuce ya tsaya gaban majami'a ya yi godiya ga Ubangiji, ya ce gwiwoyinsa sun ƙi durƙuso, ya ajiye aiki. Aka tafa, aka yi addu'a, aka wuce zuwa sanarwa. Ni kuwa na ga minti uku sun yi masa kaɗan, shi ya sa na ɗauki biro.

Baba mutum ne mai rowar magana. Na koyar a firamare shekara talatin, sau da dama ya gyara mana famfon makaranta, amma ban tuna ya haɗa jimla uku a jere ba. In ya shimfiɗa bututu, sai ya zuba ruwan kwalba ɗaya a wannan baki, ya je ya tsuguna a wancan yana jira. Sai ruwan ya fito duka, sannan ya yarda a rufe da ƙasa. Masu gaggawa suna ce masa Baba Sai-Gobe. Waɗanda suka kira wani mai gyara sun fi kowa sanin hanyar gidansa, don daga baya can suke zuwa.

Abin da ya sa nake jinjina masa ya faru ne a gidan Milka, shekara uku da suka wuce. Milka gwauruwa ce, 'yar Kagoro, tare muke a Zumuntar Mata. Bayan rasuwar mijinta, ɗanta Clinton ya aiko mata da injin yin ƙanƙara da sola daga Fatakwal, don ta samu abin riƙe kanta. Irin injin nan yana da ƙaramin bututu a baya, wanda ke fitar da ruwan da ya narke daga ma'ajiyar ƙanƙara. Baba ne ya yi hanyar ruwan. Ya ja bututu mai gangara daga kicin zuwa sokawe, wato ramin ruwan datti na bayan gida, amma bai haɗa shi da na injin ba. Ya kafa mazurari a bakinsa, ya bar bututun injin yana ɗiga daga sama, da tazarar yatsu biyu a tsakani. Ya tattara kayansa ya tafi, bai ce komai ba, yadda ya saba.

Ƙanƙarar Milka ta yi suna. Masu zobo da kunun aya suna layi a ƙofarta, kuma babu bikin da za a yi a majami'armu ba da ita ba. A watan Agusta aka yi auren 'yar shugabar zumuntarmu, ita ce ta kawo ƙanƙarar da aka zuba a zobo. Washegari mutum fiye da talatin suka kwanta da amai da gudawa. Wata jaririya ta kwana huɗu a asibiti ana ƙara mata ruwa, da kyar ta tashi.

Sai bakuna suka buɗe. Aka tuna cewa Milka ta nemi shugabancin zumunta ta faɗi, uwar amarya ce ta ci. Aka tuna cewa mijinta ya mutu farat ɗaya, ba jinya. Ba wanda ya furta kalmar maita a fili, amma kowa ya ji ta. Layin ƙofarta ya watse. A sujada, bencin da take zama ya zama nata ita kaɗai. Dattawan ikkilisiya suka sa ranar zama, kuma an san abin da za su yanke: a sa ta ƙarƙashin horo, a hana ta cin Jibin Ubangiji. Zan faɗi gaskiya, ko da ba daɗi. Ni Hellen, da karatuna da furfurata, na hango ta a kasuwa na sauya layi. Har yau ina jin kunyar wannan.

Ba wanda ya kira Baba Azariya. Labari ya ji wajen mai ƙosai, ya juya kekensa. Milka ta gaya mini daga baya cewa ko gaisuwa bai gama ba ya wuce kicin, ya durƙusa bayan injin. Mazurarin ba ya nan. An haɗe bututun biyu da gam, an shafe da siminti, aiki tsaf gwanin kyau. Gershon ne ya yi, ƙanin mijinta, magini. Ya zo gaisuwa ya ga ruwa na ɗiga a sarari, ya ce tsufa ya kama Baba har ya bar aiki rabi, ya ƙarasa mata don taimako. Da ruwan Agusta ya cika sokawe, ƙazanta ta biyo bututu ta dawo. Da tazarar tana nan, da a ƙasan kicin za ta zube, kowa ya gani ya toshe hanci. Da aka rufe, sai ta hau kai tsaye cikin ma'ajiyar ƙanƙara, ta koma ba wanda ya sani.

Baba ya yanke mahaɗin da zarto, ya sa a leda. Ranar Lahadi, bayan wa'azi, mutumin da bai taɓa karanta ko aya ɗaya a gaban jama'a ba ya ɗaga hannu. Ina zaune a layi na uku. Ya ɗaga guntun bututun, baƙar ƙazantar da ke cikinsa a fili, ya bayyana yadda ruwan ya dawo. Sannan ya ce, da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji:

"Wannan mata bai yi komai ba. Laifi na ne. Na bar hanya a buɗe, ban gaya ma Mama Clinton dalili ba. In da na buɗe baki, da ba wanda ya rufe. Ku sa ni a horo, ku bar Mama Clinton ya ci Jibi."

Bai ambaci sunan Gershon ba. Gershon ne da kansa ya miƙe daga baya, hawaye na zuba, ya ce hannunsa ne ya yi aikin. Zaman dattawa bai yiwu ba, don babu sauran abin zama a kai.

Baba, kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba don ka sauke wa gwauruwa nata kayan. Kai ne ka san cewa aikin da ba a gani shi ne ke riƙe da lafiyar gari. Ka wanke injin nan da hannunka kwana biyu, ka mayar da mazurari, kuma tun daga ranar ba ka barin gida sai ka zaunar da masu shi ka yi musu bayani, har wasu suka fara kukan ka cika surutu. Jarumin bayan gida, mun gode. Ubangiji ya ba gwiwoyinka hutu, ya sa ka ga jikokin jikokinka.

Ga masu aikin hannu da ke tasowa, ku yi aiki kamar za a tone a duba, ku kuma faɗa wa mai gida dalilin abin da kuka yi. Mu kuma sauran, mu durƙusa mu duba bayan injin kafin mu yanke wa mutum hukunci.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya taka ƙofar Milka. Na shirya dogon jawabin neman gafara tun daga gida, amma da na zauna a kujerarta sai ya gudu. Ba ta ce na gan ki a kasuwa ba, ko da yake ta gan ni. Ta shiga kicin, ta dawo da kofin ruwa cike da ƙanƙara, ta ajiye a gabana, ta zauna tana kallona.

"Malama, za ki sha?"

Na ɗauka da hannu biyu, na shanye duka.