Anti Hema ta Glenwood, Mai Rainon 'Ya'yanmu

Ƙarfe biyar na asuba Hemlata Trivedi take tashi. Ta yi wanka, ta ɗaura sari mai tsabta, ta fita ɗan lambunta ba takalmi ta tsinko fure uku ko huɗu. Idan sanyi ya ƙone lambun, sai ta ɗauko wanda ta sayo ta ajiye a firji. Kusa da kicin ɗinta akwai wani ɗan ɗaki da masu gidan na farko suke ajiye gwangwanayen abinci. Nan take shiga. Ta kunna fitilar man shanu, ta kaɗa wata 'yar ƙararrawa, ta zauna a ƙasa tana rera addu'o'inta da yaren Gujarati. Sunan wannan ibada puja. Takan ɗauke ta kamar minti arba'in. Idan ta gama sai ta ja ƙofar ta rufe, ta ɗora madara a wuta. Shida da rabi motar farko take tsayawa a ƙofar gidanta, wata uwa ta fito a gurguje da yaro a kafaɗa, rabinsa barci.

Haka ta yi shekara goma sha tara tana rainon yara a wannan ƙaramin gida na unguwar Glenwood. A ƙarshen watan jiya ta ajiye aikin, gwiwa ta matsa mata, za ta koma wurin 'yarta a Sedgefield. Mu da muka kai mata 'ya'yanmu Anti Hema muke ce mata, kuma na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Na zo garin nan daga Kano a 2001. Na samu aikin kula da tsofaffi, ana shiga bakwai na safe, ga 'yata Afnan ko yaye ta ban yi ba. Kaltouma, maƙwabciyata 'yar Maraɗi, ita ta ba ni labarin gidan.

"Bebi, wata Ba'indiya ce. Ba ta cin nama, ba ta dafa shi, ko ƙwai ba ya shiga gidanta. Alors, zancen alade bai taso ba. Ki kai ki yi barci hankali kwance."

"Musulma ce?"

"A'a. Hindu ce. Amma je ki gani."

Na je da zullumi. Tun kafin in zauna Anti Hema ta ce in biyo ta. Ta buɗe ɗan ɗakin nan ta nuna mini: hotuna, fure, fitila, da wani ɗan mutum-mutumi na farin dutse da bai fi tsawon tafin hannu ba, an sa masa riga rawaya. Mu gunki muke cewa, ita murti take cewa.

"Wannan ibadata ce," ta ce. "Gara ki gani yau da ki ji daga baya. Yara ba sa shiga nan. Ba zan koya wa 'yarki komai daga ciki ba. Abincin da na miƙa a nan tukunyarsa daban, ni da 'yata muke cinsa. Na yara a wancan murhun nake dafawa. Idan hankalinki bai kwanta ba, ba zan ji haushi ba."

Ban taɓa ganin mai neman a kawo masa yara ya fara da nuna abin da zai iya korar iyayensu ba. Washegari na kai Afnan.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, abin da take bautawa ba shi nake bautawa ba, kuma ta san haka sarai. Abin da nake ba da shaida a kai shi ne yadda ta riƙe nata. Ba ta taɓa ɓoye shi don ta samu shiga wurinmu ba, ba ta kuma taɓa tura shi gaban 'ya'yanmu ba. A shekara bakwai da na yi ina zuwa gidan, ban taɓa isowa da safe ban ji ƙamshin turarenta ya riga ni cika falo ba. Ranar da ƙanƙara ta katse wutar unguwar kwana huɗu, Kaltouma ta je duba ta da sassafe, ta tarar ta riga ta yi wanka da ruwan da ta ɗumama a ɗan risho, tana zaune cikin bargo biyu tana rerawa, haƙoranta na karo.

"Na ce mata, Anti, yau kam ai sai ki huta," in ji Kaltouma. "Ta ce, ke kin huta da sallar asuba yau? Wallahi ni kuwa ban yi ba tukuna."

Labari ya bazu, yaran mutanenmu suka yi yawa a gidan. A nan ne Malam Issaka ya shigo. Mutumin Damagaram ne, direban tasi, mai tagwaye mata da take raino, mutum ne mai riƙo da addini kuma ba ya rufa-rufa. Ya je ya same ta cikin ladabi, ya ce akwai iyaye biyar da ke son kawo yara, sharaɗinsu ɗaya ne: ta kwashe kayan ɗakin nan ta kai gidan 'yarta, ta riƙa yin ibadarta can ranar Lahadi.

Ta ba shi shayi, ta bari ya gama. Sannan ta ce, "Malam, da mai motar da kake ja ya ce za ka samu fasinja da yawa idan ka tara sallolinka ka yi su ranar Lahadi, me za ka ce masa?"

Shi da bakinsa ya ba mu labarin. Ya ce ransa bai so ba, ya cire tagwayensa daga gidan. Sauran iyayen ma ba su zo ba. Anti Hema kuwa ba ta manta da tagwayen ba. Duk ranar da ta yi wainar shinkafarta mai laushi da tagwayen suke so, sai ta ƙulla ta ba Kaltouma ta kai musu. Bayan wata biyu Malam Issaka ya dawo da su da kansa, don sun daina cin abinci a sabon wurin, kullum kuka. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Ta ce masa da 'yar Hausar da ta tsinta a bakin yara, "Shigo, zauna, ci abinci." Daga baya ma ita ta ware wani lungu a falo, ta sayo darduma, yaran da suka fara tasawa idan sun dawo daga makaranta sai ta duba agogo ta kora su alwala. Ba ta san Fatiha ba, amma ta san wanda ya yi raka'a huɗu cikin daƙiƙa talatin bai yi komai ba. "Koma," take cewa. "A hankali."

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a bazarar 2004, kuma 'yata ce ta jawo shi.

Na tashi daga aiki ƙarfe uku na isa gidan. Ina shiga na ga Afnan, lokacin shekararta huɗu, zaune a cinyar Anti Hema da filasta a yatsa, idonta ya kumbura da kuka. Ƙofar ɗan ɗakin a buɗe take. A kan tebur akwai farin ƙyalle da aka rufe wani abu da shi.

Ashe Anti Hema na can tana canza wa wani jariri kunzugu, Afnan ta jawo kujera ta hau, ta murɗa ƙofar. Ta ga ɗan mutum-mutumin nan da rigarsa rawaya, ta ɗauka 'yar tsana ce, ta ɗauko za ta goya. Ya suɓuce ya faɗi, ya rabe uku.

Na san tarihinsa. Na kakarta ne, ya zo hannun mahaifiyarta, ita kuma ta naɗo shi cikin sari daga Indiya zuwa nan. Ranar da mijinta ya rasu, gabansa ta zauna. A raina na ce shi ke nan, na rasa mai raino, na rasa aiki tunda ba ni da inda zan kai yarinya, kuma na yi wa matar da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri ɓarnar da ba ta gyaruwa. Na ɗaga hannu na yi kan Afnan.

"Bebi!" Ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba. "Sauke hannunki. A gidana ba a dukan yaro."

"Anti, kin san abin da ta yi kuwa?"

"Na fi ki sani. Ni na share."

Afnan ta ɗago tana shessheƙa. "Mommy, I just wanted to carry the baby."

Anti Hema ta yi wata dariya hawaye na zubo mata. "Kin ji? Goyo za ta yi. Shekara arba'in ina masa wanka ina sa masa riga, ban taɓa tunanin goya shi ba." Ta goge fuska da gefen sarinta. "Zai yi mini ciwo, ba zan ce ba zai yi ba. Amma laifina ne da ban sa sakata a sama ba. Da yankan nan a ido ya same ta fa?"

Na ce ta faɗa mini inda ake sayarwa in sayo mata wani. Ni kaina ban san yadda zan yi da wannan alkawari ba, Musulma ta shiga kanti sayen abin bauta. Ita ta fitar da ni.

"A'a. Wannan ba naki ba ne, kada ki ɗora wa kanki abin da addininki bai yarda da shi ba. 'Yar'uwata za ta aiko mini. Amma akwai abin da za ki iya. A wurinmu idan ya fashe ba a jefa shi a shara, ruwa ake kai shi. Ni ba na tuƙi."

Ranar Asabar da hantsi na ɗauke ta zuwa wani tafki a wajen gari. Na tsaya jikin mota, ita ta gangara da ƙunshinta. Ta daɗe a tsugune. Da ta dawo gefen sarinta ya jiƙe, ta shiga mota ta ɗaura bel, ta ce, "To, yanzu kai ni in sayo sakata."

Wata shida kafin sabon ya iso. Na tambaye ta yadda take yi a tsakanin. Ta ce kamar kullum: wanka, fure, fitila, addu'a. "Wurin ne babu kowa a ido. Wanda nake kira bai fashe ba." Litinin ɗin da ta biyo bayan ɓarnar, Afnan ta maƙale a mota ta ƙi fita don kunya. Anti Hema ta fito har titi da silifas ta ɗauke ta.

Anti Hema, ke ce uwar 'ya'yan da ba ki haifa ba. Ke kika ga haƙorin farko na yaran da iyayensu ke can suna juya tsofaffi a gado, ko suna ɗaga kwali a ma'ajiya, ko suna zagaye gari da tasi. Ke kika koya mana, ba tare da kin yi wa'azi ba, cewa ana iya riƙe ibada kam-kam a ƙasar da ba ta tsayawa kowa, kuma riƙon bai sa mutum ya zama mai ɗaci ba. Na sha jin kunyar kaina idan na tuna kina tashi ga fitilarki alhali ni ina danne agogo.

Mun yi mata walimar bankwana a gidan Kaltouma. Ku yi tunanin taron Hausawa sama da hamsin babu nama! Muka yi dambun zogale, ƙosai, waina da miyar taushe ta gyaɗa zalla, da kunun aya. Maza suna ta leƙa kuloli. Wani ya ce, "Wai ina kazar take ne?" Malam Issaka ya ce, "Yau kaza ta samu hutu, ci ka yi shiru." Shi ne kuma ya tashi ya yi jawabi, ya faɗi abin da ya yi a baya ba tare da ya rage komai ba, ya ce a gafarce shi. Anti Hema ta ɗaga masa hannu, "Zauna, zauna." Yara sama da talatin suka yi layi, wasu sun fi ta tsawo yanzu, kowa ya rungume ta. Da aka ba ta damar magana, abin da ta ce kawai shi ne Kaltouma ta samu takardar izinin raino, ita za ta karɓi yara ukun da suka rage, kuma a tuna ƙaramin ba ya shan madara sai an ɗumama.

Kirana ga 'yan'uwa shi ne, wanda yake da ibada ya riƙe ta da gaske, a lokacinta, ko babu mai gani. Wanda aka ba amanar ɗan wani ya faɗi gaskiyar gidansa tun ranar farko. Kuma idan maƙwabcinka ba addininku ɗaya ba, ka fara duba yadda yake riƙe alkawari kafin ka yanke masa hukunci.

Mun gode, Anti Hema. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya saka miki da shiriya da alheri. Sai dai ina da ƙara guda da zan kai gabanki. Ranar Juma'a kika ajiye aiki, muka yi kuka, muka raka ki har mota. Ranar Litinin ƙarfe bakwai saura kwata wayar Kaltouma ta yi ƙara, tana tsaka da karɓar yara. Ke ce.

"Kaltouma, sun iso? Sun ci abinci? Ba ni ƙaramin in ji muryarsa."

Anti, an ce ki huta.