Kwandunan Kaka a Bakin Iyaka

Har yau idan ina cikin mota aka tsayar da mu a hanya, na ji an ja katakon nan mai ƙusoshi a kan kwalta, sai gabana ya faɗi. Ba don ina ɗauke da wani abin laifi ba. Na haura hamsin, ina da jikoki, amma ƙarar nan ba ruwanta da shekaruna. Takan mayar da ni yarinya 'yar shekara goma, zaune a bayan akori-kura, na jingina da gwiwar kakata.

A Argungu aka haife ni, a wani gida da ke gangaren gulbi. Kakata, wadda ta haifi babanmu, sana'arta bandar kifi. A bayan ɗakinta akwai murhu uku na laka, dogaye, an shimfiɗa musu raga ta ƙarfe. Da hantsi, in masunta sun fito daga ruwa, sai a shigo mata da tarwaɗa da karfasa cikin manyan kwanoni, wasu ma ba su gama motsi ba. Mata biyu ke taya ta, dukansu mazansu sun rasu. Ɗaya ta fasa ciki ta wanke, ɗaya ta lanƙwasa tarwaɗa ta haɗa kai da wutsiya ta soke da tsinke. Kaka kuwa wuta ce tata, ba ta yarda kowa ya taɓa. Takan zuba ƙaiƙayin shinkafa a kan garwashi kaɗan-kaɗan, don hayaƙi take so, ba harshen wuta ba. Hayaƙin nan ya shiga zannuwanmu, ya shiga kitsonmu, har littattafaina na makaranta ƙamshin banda suke yi.

In kai ɗan garinmu ne ka san kifi ba ya tsada a Argungu, don kusan kowane gida akwai mai taru. Saboda haka Kaka takan kai nata can ƙetaren iyaka, cikin Nijar, wani gari da ƙanwarta ke aure tun suna 'yan mata. Duk mako biyu sai ta ɗaure kwandunanta ta tafi. Ta sayar, ta kwana biyu a ɗakin ƙanwarta, ta dawo da gishiri da kanwa da dabino. Kifin shi ke kai ta, shi ke dawo da ita. In wani ya ce zumunci a ƙafa yake, sai ta ce, “Gaskiya na, amma ƙahwa sai da guzuri.”

Wata damina, lokacin hutun makaranta, na matsa mata da roƙo har ta yarda ta tafi da ni. Muka fita da sassafe da kwando biyar. Muka bi ta Ambursa, fadama ta yi kore shar da shinkafa har iya ganinka, muka ratsa Birnin Kebbi, muka miƙi hanyar iyaka. Daga nan ne na fara sanin shinge. Ganga biyu, katako mai ƙusoshi, da mutane masu kaki a inuwa. A kowanne sai direba ya sauka, ya zagaya bayan mota, ya dawo fuska a murtuke. A wani wurin aka soka ƙarfe cikin kwandunan Kaka, na ji kifi na karyewa. Na dube ta. Ita kuwa tana kallon gonaki. Na yi ta ƙidaya shingayen da yatsu, har na gama da hannu ɗaya na shiga na biyu.

Bayan azahar muka isa iyaka. Wani ma'aikaci, saurayi ne dogo, ya ɗaga tabarmar da aka rufe kwandunan, ya ce, “Iya, ina takardar kifin nan?”

Kaka ta ce, “Wace takarda, ɗana? Shekara talatin ina bin hanyag ga, ba a taɓa tambaya ta takarda ba.”

Ya yi mata bayani, ba da tsawa ba. An fito da sabuwar doka, kayan abinci ba sa ƙetarewa sai da shaidar an duba lafiyarsu, kuma a babban birni ake bayar da ita. Ya ce, “Ke za ki iya wucewa, ke da yarinyar. Kaya ne ba za su wuce ba. Wallahi ba ni na yi dokar ba.”

Ta ce, “To mi za ni yi can in babu kaya?”

Direba ya sauke mana kwandunan a gindin wata tsamiya. Kaka ta ba shi saƙo ya gaya wa ƙanwarta inda muke, ya wuce da sauran fasinja. Muna zaune manyan motoci suka yi ta ƙetarewa. Kowane direba ya miƙo takarda ta taga, a buga hatimi, a ja katako. Wata ma kifi ne cike da ita, na wani attajiri, muna jin ƙamshinsa har ta ɓace.

Can sai ga wasu samari biyu masu kekuna. Suka tsuguna gaban Kaka, suka yi ƙasa da murya, suka ce akwai hanya ta cikin gonaki, kafin la'asar sakaliya kayanta na ƙofar ƙanwarta. Na ji daɗi a raina, na ɗauka an samu mafita. Kaka ta dube su ta ce, “Allah shi yi muku albarka. Kihina ba na sata ba ne, ba ya bin daji.”

An ce mata akwai babban ma'aikaci da zai zo, shi ke da ikon yin sassauci. Shi muka zauna jira. Da yamma hadari ya haɗu, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wata mai tuwo ta ba mu wuri a rumfarta, muka jawo kwandunan, amma laima ta riga ta shige su. Washegari babban bai zo ba. Rana ta fito da zafi mai turiri, irin na damina. Kaka ba ta buɗe kwando ko ɗaya ba. Yanzu na gane tsoron abin da za ta gani take yi.

A rana ta uku da hantsi muka hango wata tsohuwa ta taho a ƙasa daga wancan ɓangaren, da ƙwaryar fura a ka. Ban taɓa ganinta ba, amma ban buƙaci a gaya mini ko wace ce ba. Tafiyarsu ɗaya da Kaka, wushiryarsu ɗaya. Ta ratsa shingen ba wanda ya ce mata ƙala, ta durƙusa ta ce, “Yaya, sai jiya da dare direban ga yat tuna da saƙonki.” Suka daɗe suna gaisawa, suna tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar a tsakar gida suke.

Sannan Kaka ta kwance kwando na farko. Fumfuna ta rufe kifin, fara fat kamar auduga. Ta karya ɗaya ta sunsuna, ta ajiye a hankali. Su biyu suka zauna suna tsince mai kyau, ni ina kwashe wanda ya lalace ina kaiwa bayan rumfa. Aikin mako biyu na mata uku, abin da ya tsira bai cika kwando biyu ba.

Kaka ta kira mai tuwo ta ce ta ɗora babbar tukunya. Aka yi miyar kifi. Direbobin da ke jira suka ci, samarin nan masu kekuna suka ci, duk wanda ya gifta aka kira shi. Kaka ta zuba a kwano ta ce in kai wa ma'aikacin nan dogo. Ya ce ya gode, ya ƙoshi. Daga inda take zaune ta ɗaga murya ta ce, “Ci, ɗana. Ka duba lahiyatai da bakinka.” Ya karɓa. Ya ci kansa a sunkuye. Da ƙanwar Kaka ta tashi komawa, ta sa tarwaɗa uku a ƙwaryarta don maigidanta, sai ma'aikacin ya juya baya yana gyaran wata ganga har ta wuce.

Bayan mun dawo gida babanmu ya je birni sau uku neman takardar. Aka ce masa sai mai kamfani da rajista, kuma kowane kaya da tasa takardar. Ya dawo ya zauna a ƙofar ɗakin Kaka ya ce, “Inna, abin ga ba don irinmu anka yi shi ba.” Ta ci gaba da jan carbinta.

Ta koma banda kaɗan-kaɗan don kasuwar gari, murhu ɗaya ya ishe ta. Sauran biyun ruwan sama ya yi ta cin su har suka zama tudun ƙasa, kaji na tono a kai. Cikin matan da ke taya ta, ɗaya ta koma surfen shinkafa a gidajen mutane, ɗaya ta tattara 'ya'yanta ta koma ƙauyensu wajen Augie. Sau ɗaya Kaka ta sake zuwa wurin ƙanwarta, da goro kawai a bakin zane. Ta dawo ta ce ba ta ƙara zuwa garin da aka san ta da kwando hannu rabbana. Ta kuwa cika maganarta. Bayan shekara uku wani direba ya kawo labarin rasuwar ƙanwar, an riga an yi sadakar bakwai.

Yanzu a Birnin Kebbi nake zaune. Tun da na bar aikin koyarwa nake taya wata ƙungiyar mata masu banda cike takardu. Na ga an rufe iyakar nan ruf, na ga an buɗe, na sha jin manya a rediyo suna cewa za a sauƙaƙa ciniki tsakanin ƙasashe. Ban ce kada a duba abinci ba, abin da zai shiga cikin mutane ya cancanci dubawa. Da aka gayyace mu wani taro aka ce mu faɗi damuwarmu, abu biyu na roƙa. A ajiye mai duba kaya a bakin iyakar, ba a birni ba. A kuma yi takarda guda, da Hausa, wadda mai kwando biyar za ta iya samu ba sai ta zama kamfani ba. Suka rubuta. Ban sa rai ba.

Shingayen hanya suna nan, ko da an rage wasu. Amma a watan jiya wata daga cikin matanmu ta tafi da kaya, don mun ji an fara gwada irin wannan tsari ga ƙananan 'yan kasuwa. Ina shirin alwalar azahar wayata ta yi ƙara.

“Malama, mun ƙetare! Sun duba, sun buga hatimi, ko ruwan da nis saya ban gama sha ba.”

Na ajiye buta na zauna a bakin baranda. Ta yi ta kiran sunana, tana tsammanin layi ne ya yanke. Can sai na ce ta gaishe mini da mutanen can.

Ta ce, “Su wa, Malama? Ki hwaɗi man gidan, in biya.”

Na shiga lalube a raina. Ƙanwar kakata ta bar 'ya'ya da jikoki a garin nan, jinina ne, wataƙila ma wasunsu na cikin masu sayen kifin a kasuwa. Amma ban san sunan ko ɗaya ba.