Gwado a Kan Batirin Sola

Yaya aka yi rana, wadda ta ciyar da ni tun ina yarinya, ta shigo har gefen gado ta ɗauke mini miji? Na tambayi fasto, ya ce nufin Ubangiji ne. Na tambayi masu gyaran wuta, suka yi ta jero mini sunayen ƙarafa da Turanci. Har yau ban sami amsar da ta zauna mini a rai ba. Ni ban yi karatu ba, 'yata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Idan kun ga magana ta karkace, daga bakina ta fito a haka.

A wani ƙauye bayan Samaru aka haife ni, tun gine-ginen jami'a ba su cinye gonakin ba. Bayan gidanmu akwai falalen dutse, a nan matan gidan ke shanya. Da kaka ta yi, dutsen nan ba ya ganuwa. Nan jan barkono, can yankakkiyar kuɓewa, ga tumatir an tsaga an baje, ga ganyen kuka yana bushewa yana ƙamshi. Aikina korar awaki da kaji. Ina tsaye ba takalmi, dutsen na gasa mini tafin ƙafa, ina ɗaga wannan ina sauke waccan.

Kakata, uwar babana, ita ce mai dutsen. Ba ta san wani abu wai shi lantarki ba, amma ta san yadda ake sa rana aiki. Ruwan wankan jarirai a kasko take ajiye shi da hantsi, kafin azahar ya yi ɗumi ba a ƙona kara ko ɗaya ba. Tabarma idan ta yi kuɗin cizo, rana ce maganinta. Miyar da muke ci da bazara, lokacin da ba ko ganye ɗaya a gona, rana ce ta adana mana ita. Sai dai ba ta yarda a kwashe shanya da zafinta. Wata rana na yi sauri na tura barkono a buhu don in tafi wasa, ta kama kunnena ta murɗe. Ta ce, "Ke, mai ƙafar kaza! Abin da ya sha rana sai ya sha iska. Zazzage shi."

Ita ce kuma ta koya mana kunya. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, uba ma haka. Ba a yabonsa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a zama a yi hira da shi. Na ga ranar da yayana, ɗan farin mahaifiyata, ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a hannu. Mahaifiyata tana daka. Ba ta ajiye taɓarya ba. Hawaye na zuba cikin turmi, tana ci gaba da daka, wasu mata suka ɗauke shi. Da yamma kakata ta yabe ta a gaban kowa, ta ce ga 'yar mutunci. Na girma ina ganin wannan shi ne tarbiyya. Da muka karɓi bishara an bar abubuwa da yawa na dā, amma wannan ba a bar shi ba. Mun shiga majami'a da shi, mun fito da shi.

Aure ya kawo ni Sabon Gari. Maigida aikin jirgin ƙasa yake yi, mutum ne mai barkwanci, ko shanu ya gani a hanya sai ya tsokane su. Amma da na haifi ɗanmu na fari, bakinsa ya mutu a kansa. “Yaron nan” yake ce masa, har yaron ya yi gemu. Idan ya ci jarrabawa, sai maigida ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, in ji shi yana waƙar yabo ƙasa-ƙasa, ya fito fuska a ɗaure. Sauran 'ya'yan kuwa a wuyansa suka girma. Ita wannan da ke rubutawa har gashin bakinsa take ja.

Sola ban san lokacin da ta shigo garin nan ba. Na fara ganin baƙaƙen faifanta ne a kan wani famfon ruwa wajen Samaru, aka ce rana ce ke jawo ruwan. Na yi dariya. Daga baya sai ga fitilun titi, sai ga 'yan tocila a kasuwa da ake shanyawa kamar daddawa, sai ga samari da teburin cajin waya. Mu dai muna nan da fitilar ƙwai. Wutar gari kuwa sai ta ga dama take leƙo mu.

Da tsufa ya zo, ciwon suga ya kama maigida, aka ɗora shi a kan allura, allurar kuma sai da sanyi. Kowace safiya ina yawon neman ƙanƙara, in naɗe ta a tsumma in sa a kula. Wani lokaci in samu, wani lokaci in dawo hannu biyu. Ɗanmu na fari yana aiki a Legas. Da ya ji, bai ce da kowa komai ba, sai ga wasu samari biyu da mota sun sauke kaya a ƙofar gida: faifai na kan rufi, manyan batira, da wani akwatin ƙarfe mai 'yar fitila koriya, da ƙaramin firij.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, abin ya yi mana rana. Allura ta samu wurin zama. Fanka na juyawa a tsakiyar bazara. Maigida ya koma karanta Littafi Mai Tsarki ba ya matse ido. Maƙwabta na kawo wayoyinsu, matan zumunta na aiko da ruwa a sanyaya musu. Na huta da hayaƙin kananzir. Maigida yakan kwanta ƙarƙashin fanka ya ce, "Tsohuwa, zo ki ji yadda Turawa ke barci." In ce, "Bature da tsagar fuska ban taɓa gani ba." Ya yi ta dariya har da tari.

Ranar da aka haɗa kayan, samarin sun ce a ajiye batiran a zaure, inda iska ke ratsawa. Maigida ya ce a'a, ɓarayi. Suka ce to a ɗakin ajiya, a bar taga a buɗe. Ya ce ɓeraye. A ƙarshe sai da suka ja waya har ɗakinsa, suka jera su gefen gadonsa. Na san ba ɓarawo ba ne, ba ɓera ba ne. Da yaron ya bugo waya ya ji ko kaya sun iso, ina zaune maigida ya ce, "Sun iso," ya miƙo mini wayar. Ko sannu bai ce ba. Amma da na shiga kai masa abinci, na tarar ya ciro gwadonsa na saƙi, wanda mahaifinsa ya bar masa, wanda ko ni ba na taɓawa, ya lulluɓe batiran da shi. Yana zaune ya ɗora hannu a kai. Da ya gan ni ya janye hannun, ya ce, "Ƙura ce nake kare su."

Haka suka zauna a lulluɓe, damina ta wuce, rani ya wuce. Da wata bazarar ta kama, na fara jin wari a ɗakin, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na share ƙarƙashin gado, na duba ko ƙadangare ne ya mutu. Da na ɗaga gefen gwadon, zafi ya bugi hannuna, cikin batir ɗaya ya kumbura kamar cikin akuya da ta ci rogo.

Na ce, "Maigida, abin nan ba lafiya. A gaya wa yaron nan."

Ya ce, "A ce masa me? Kayan da ka sayo wa ubanka ba su da kyau?"

"To a kira samarin da suka haɗa."

"Su kuma su buga masa waya. Ke dai bakinki ba ya gajiya."

"Bari in gaya wa ƙanwarsa."

Ya ce, "Idan 'yarki ta ji da safe, kafin azahar Legas ta ji. Ban yarda ba. Zafin gari ne, da ruwa ya sauka zai daina."

'Yata ta ajiye biro tana kuka, wai me ya sa ban faɗa mata a ɓoye ba. Ki ɗauka ki rubuta. Ki tambayi waɗanda suka raine mu. Mutum biyu masu furfura, da waya a hannu, da lambar ɗansu a ciki, suka kasa ce masa zo ka duba. Da ɗan maƙwabta ne ya sayo, da tun ranar mun aika a kira shi. Wai ita ce kunya. Ita aka yaba wa mahaifiyata a kan turmi.

Da tsakar rana abin ya faru, rana na tsakiyar ka, lokacin da aka ce faifan sun fi shan wuta. Maigida ya ci abinci ya kwanta, ni na tafi inji niƙan masara. Ina dawowa na hango hayaƙi, baƙi ƙirin, mutane na gudu da bokitai. Na yar da kwanon garin a titi. Maƙwabcinmu mai shagon ƙarfe, mutumin kudu ne, shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce sun ji ƙara kamar tayar mota ta fashe. Maigida ya fito da ƙafarsa, lafiya lau, yana tari. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi ɗakin. Sai ya koma. Suna ihu, "Baba, fito! Baba, bar shi!" Shi kuwa yana can yana jan akwatin ƙarfen nan, wayoyi sun riƙe shi. Maƙwabcin ne ya jiƙa buhu ya shiga ya jawo shi. Hannayen maigida duka biyu sun ƙone, hayaƙin kuma ya riga ya shige masa ƙirji.

Aka kai shi babban asibitin Shika. Likitoci sun yi iya yinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Yaron ya kamo hanya daga Legas, bai iske shi da rai ba.

Bayan jana'iza yaron ya shiga ɗakin shi kaɗai. Ya daɗe a ciki. Ya fito da toka a gwiwoyin wandonsa, ya tsaya a gabana, ya ce, "Mama, ni na kashe shi." Ga mutane cike da gida, ga dangin uba, ga matan zumunta. Na dubi ƙasa na ce, "Ka ci abinci?" Abin da na iya ce wa ɗana ke nan. Washegari ya tafi. Yana aiko da kuɗi, yana aiko da magani, amma ƙafarsa ba ta sake taka gidan nan ba. Idan ya bugo waya, mu gaisa, ya tambayi ƙafata, in tambayi yara, ya kashe.

Yanzu duk rufin da ka duba a Sabon Gari da Samaru baƙaƙen faifai ne. Wasu sun ce tsofaffin batira ake fentewa a sayar a matsayin sababbi, wasu sun ce namu zafi ne ya yi masa yawa. Ban sani ba. Ba na hana kowa sa sola, na ga amfaninta da idona. Amma duk gidan da na shiga na ga batir a ɗakin kwana, ko an yafa masa zane don kwalliya, sai na yi magana, ko za a ce tsohuwa ta cika surutu. Ni dai na koma fitilar ƙwai. Faifan suna nan a kan rufi, suna shan rana a banza, ba na ɗaga kai in dube su. Jikokina kuwa ina ji iyayensu na kiran ɗan fari da sunansa, suna rungume shi a gaban kowa. Da can sai in ce rashin kunya. Yanzu ba na cewa komai.

Akwai saƙon da aka ba ni in kai, ban kai ba. Sau da yawa na ɗauki waya, in ji muryar yaron, harshena ya ƙi. Shi ya sa na ce a rubuta. Ke, ki rubuta shi yadda ya faɗa, kada ki gyara, ki tabbata yayanki ya gani.

A gadon asibiti ne, maigida na kwance, hannayensa a naɗe da farin ƙyalle, numfashi na fita da ƙyar. Ya yi mini alama da ido in matso. Na kai kunnena bakinsa. Ya ce, "Tsohuwa, idan yaron nan ya zo, ki ce masa ni na rufe su da gwado. Ki ce masa kaya masu kyau ya saya wa babansa."