Agogon Maganin Kawu

"Kai Sani, so kake ka kashe ni?"

Yau na tsinci wata tsohuwar disket, faifan kwamfuta, cikin akwati, sai na tuna ranar da Kawu Ilya ya yi mini wannan tambaya a butik ɗinsa, wato shagonsa, na unguwar Tahaggart.

Lokacin ina aikin gini a Tamanrasset ta Aljeriya, ranar Juma'a kuma in zauna gaban ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, ina koyon rubuta program. Kawu na da hawan jini, kullum sai ya mance da magani, har ya taɓa faɗuwa a kasuwa. Sai na haɗa masa 'yar taga a allon ordinatar, mai agogo a ciki, wadda za ta fito duk bayan awa takwas ta ce: "Kawu, sha magani."

A gurbin lokaci na rubuta 8. Ashe agogon ba awa yake ƙirgawa ba, sakan ɗaya yake rabawa dubu. Ina dannawa, tagogi suka dinga fitowa ɗaya kan ɗaya har ordinatar ta sandare.

Kawu ya ce, "Magani ɗari a zama ɗaya? Koma wajen simintinka."

Na ce, "Kawu, ba ni mako guda."

A bayan buhun siminti na yi lissafin awa takwas a ƙidayar agogon: 28800000. Na kuma koyi tsayar da agogon kafin taga ta fito.

Shekara huɗu tagar nan tana kiransa. In ta fito sai ya ce, "To, na ji, Sani," ko da ina can saman gini.

Ku fa, wane kuskure ne ya hana ku ajiye abin da kuka fara?