Dokar Zama a Motar Baba Ozell

Shekara goma sha tara Ozell Tarver ya yi yana jan motar makarantar baƙar fata a gundumarmu, can kudancin Mississippi, kafin gwamnati ta san da zamansa. Manomi ne, ɗan filin auduga da masara gare shi, sai alfadari guda mai taurin kai irin nasa. Da sassafe ya kwaso yara, ya koma gona, da la'asar ya mayar da kowa gidan ubansa. Motar kuwa sai da makarantar farare ta gama da ita aka miƙo mana, ƙofarta ma da igiya ake ɗaurewa. Matarsa Earline takan ce da yana lallaɓa ta yadda yake lallaɓa wannan akwala, da ba ta yi furfura da wuri ba.

Doka ɗaya gare shi, kuma ba a yi masa wasa da ita: wanda ya riga shiga ya wuce can ƙurya, a cika mota daga baya zuwa gaba. Ta haka ba mai tsallake wani, ba mai taka ƙafar wani da takalmi duk laka. Yaran da ya ɗauka a farkon aikinsa sun girma sun haifi nasu, su ma ƙurya suke nufa ba sai an gaya musu ba.

A watan Janairu na 1970 kotun tarayya ta ce raba yara bisa launin fata ya isa haka, makaranta ɗaya, mota ɗaya. Shekara da shekaru manyan gunduma suna ta jan ƙafa, yau kwamiti, gobe ɗaukaka ƙara, sai ga shi an sa musu rana. Farare masu hali suka buɗe tasu makarantar cikin 'yan makonni, suka kwashe 'ya'yansu. Waɗanda suka rage talakawa ne irinmu. A hanyar Baba Ozell gida uku ne, yara tara, huɗu daga ciki na Dewey Haskew, mai aiki a injin yankan katako. Aka ba Baba Ozell sabuwar mota fil. Ranar da ya kawo ta gida sai da ya zagaya ta sau uku, yana shafa ta kamar amarya.

To, ga inda aka samu matsala. Hanyarsa daga can cikin fadama take farawa, inda gidajenmu suke, ta ƙare a bakin kwalta, inda farare suke. Yaranmu suka riga shiga, suka wuce ƙurya. Yaran farare suka shiga daga ƙarshe, suka zauna gaba. Mako biyu cur ana haka, kuma babu wanda ya ga aibu, Baba Ozell kansa murna yake ba a yi faɗa ba. Idon kowa ya saba da wannan zaman na fari gaba, baƙi baya, tun ana goye.

Wadda ta gani baƙuwa ce, Mis Brandt, wata siririyar ma'aikaciya da aka aiko daga Washington ta duba ko ana bin umarnin kotu. Tana tsaye a ƙofar makaranta da littafinta motar ta shigo. Ran Juma'a shugaban makarantun gunduma ya kira Baba Ozell ofis, yana wani murmushi mai ban haushi.

"Ozell, gwamnatin taku ce ta kawo ƙararka, ba ni ba. Wai kana tura baƙaƙe baya. In motar ta sake zuwa a rabe ran Litinin, ka ajiye mini makulli."

Baba Ozell ya fito daga ofishin. Shi da ya dawo daga yaƙi da kakin soja a jikinsa aka ce ya koma kujerar ƙarshe a motar haya saboda launin fatarsa, yau shi ake tuhuma da wannan? Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya kuma ji kunya, don ya san matar ba ƙarya ta rubuta ba.

Earline ta yi dariya har sai da ta dafa murhu, sannan ta ɗaure fuska.

"Sannu da aiki, maigida. Lauyoyi sun tsufa suna kokawar fito da yaranmu daga baya, kai ka mayar da su cikin mako biyu, ko sisi ba a ba ka ba."

Ya ce to zai juya hanyar, ya fara daga kwalta. Ta ce sai farare su koma ƙurya, motar dai a rabe take. Ita ce ta kawo shawara daga ƙarshe, ya zaunar da su yadda take zaunar da yara a ajin Lahadi na coci, aji-aji, ƙanana gaba, manya baya, kowace kujera mutum biyu. Shawarar ta yi, amma da ƙaya a ciki. 'Yar autan Haskew, Darlene, mai shekara shida, za ta haɗa kujera da ɗiyar baƙar fata. In Haskew ya janye nasa, sauran gida biyun za su bi shi, mota ta koma ta baƙaƙe zalla, makulli kuma ya tafi duk da haka.

Ran Lahadi bayan coci ya tafi gidan Haskew. A wancan zamani baƙin mutum ta ƙofar baya yake zuwa gidan fari, hula a hannu. Baba Ozell ya kasa zuwa bayan, ya kuma kasa hawa matakalar gaba, sai ya tsaya a tsakiyar fili ya yi kira. Haskew ya fito yana share hannu a wando, ya saurara har ƙarshe, ya tambaye shi ko gwamnati ce ta ƙirƙiro wannan ko shi.

"Gwamnati ta ce a haɗa su, yallaɓai, ba ta faɗi yadda za a yi ba. Yadda za a yi ɗin nawa ne. Hita mai ɗumama wuri ɗaya ce a motar, a gaba take, kuma ƙanana sanyi ya fi kamawa, naka da namu."

Haskew ya tofar da yawu gefe, ya ce da ubansa na da rai da ya kore shi da bindiga. Ya shige gida, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ran Litinin Mis Brandt da kanta ta shiga motar tun daga fadama. Ta ce za ta tsaya, ya ce ba a tsayuwa a motarsa, ya kife mata bokitin wanki kusa da shi, gwamnati ta zauna a kai yara suna ƙyalƙyala dariya. Ya zaunar da kowa aji-aji, ya bar gurbi tara. Ya ja mota suka nufi bakin kwalta.

Da ya sha kwanar kwalta ya hango su. Yara huɗu, da Haskew kansa cikin kayan aiki, ya makara a injin. Sauran gida biyun suna can nesa suna jiran su ga abin da zai yi. Haskew ya leƙo cikin motar, ya daɗe yana kallon gurbin da ke kujerar gaba, kusa da Loretta, wata 'yar wawulo da ta riga ta kame taga.

"Darlene amai take yi in ba ta kusa da taga," in ji shi.

Baba Ozell bai ba da umarni ba. Ya juya ya tambayi Loretta ko za ta yarda. Yarinyar nan ta dubi Darlene sama da ƙasa, ta ɗauki lokacinta, ƙato kamar Haskew yana tsaye a kan matakala yana jiran hukuncinta.

"To. Da safe tagar tata ce, in an taso tawa."

Haskew ya gyaɗa kai. Loretta ta matsa, ya ɗaga 'yarsa ya ajiye ta kusa da taga, ya gyara mata wuyan riga, ya sauka. Kafin a rufe ƙofa ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ka bi a hankali da su."

Sauran yaran suka rugo suka shiga. Mis Brandt ta ƙirga kujerun, ta rufe littafinta ta sa a jaka. Baba Ozell ya sa giya, ya saki kuloci da garaje, motar ta yi tsalle ta mutu, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Yara arba'in da shida suka fashe da dariya gaba ɗaya, ba ka iya bambance muryar wani da ta wani. Ya share ido da bayan hannu, ya sake murza makullin.