Ranar da Nasidi Ya Ƙi Sauka

Duk wanda ya zauna a Yerwa, babban birnin Barno, wajen shekarar 1958 ya san Nasidi mai keke, in bai san sunansa ba to ya san ƙararrawarsa. Ɗan Malam Bala ne, wani baduku Bakano da ya kafa rumfa a unguwar Abbaganaram tun yana saurayi, bai sake komawa gida ba. Nasidi bai gaji allura ba. Shekara tara ya yi yana tuƙa keken Alhaji Inuwa mai sayen fatu, yana kai wasiƙu da saƙonni ƙauyuka. Mil arba'in kafin azahar ba komai ba ne a wurinsa, ƙwabrin nan nasa kamar taɓarya.

Ranar da ya fara hawa, uban ya kira shi rumfa ya ce, "Ƙarfen nan yana ɗaga mutum sama da manyansa. In ka ga dattawa a zaune, sauka, cire takalmi, ka gaishe su." Nasidi ya ce, "To, Baba." Kuma wallahi ya riƙe. Ko ruwa ake tsugawa sai ya sauka. Har zolayarsa ake yi, wai tura keken da yake yi ya fi hawansa yawa.

Sai Alhaji Inuwa ya sayi mota. Ko kunya babu, ya ce masa, "Nasidi, aikin keke ya ƙare. Ƙarshen wata zan sayar da shi." Mutum da mata da 'ya'ya biyu, ba gona, ba sana'a sai ƙafafun nan, ina zai nufa?

Ana cikin haka wani kamfanin sayar da kekuna ya shirya tsere na kwana uku: Yerwa zuwa Bama, Bama zuwa Dikwa, Dikwa a dawo Yerwa. Wanda ya ci za a ba shi sabon keke nasa na kansa, a kuma ɗauke shi aiki ya riƙa yi wa kamfanin tsere. Nasidi ya roƙi Alhaji aron keken na kwana uku. Alhaji ya ce ya ɗauka, amma kada ya dawo masa da tarkace.

Su ashirin da uku suka jeru a Dandal, babban filin nan na ƙofar fada. Wani Bature mai agogo a wuya ya karanta ƙa'ida, akawunsa ya fassara a gurguje. Abin da Nasidi ya ji shi ne za a ja layi da farar ƙasa a ƙarshen kowace rana. Bai tsananta tambaya ba. A ganinsa tsere ai ido ne shaida, wanda ya riga isowa kowa ya gan shi.

Ranar farko rairayi ya ci mutane kafin Konduga. Nasidi ya san hanyar kamar tsakar gidansu, ya rage wa tayoyi iska ya bi gefen da shanu suka taka. Ƙaya ta fasa masa tayar baya, ya zauna ya yi faci, mutum shida suka wuce shi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kamo. Shi ya fara shiga Bama. To, taku talatin kafin layin an shimfiɗa wa dattawan gari tabarmi. Me kake zato? Nasidi ya ja birki ya diro, ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Kowa kuwa ya san gaisuwar Barno ba ta ƙarewa da wuri. "Wushe, wushe!" Ina gajiya, ina hanya, ina mutanen Yerwa, yaya aka ji da rana. Aka miƙo masa ruwa ya sha. Yana durƙushe wani dogon mutum ya zo fuu ya wuce ta gaban tabarmin ko kallo babu, ya tsallake layi. Dzarma ke nan, mutumin ƙasar Biu, tsohon soja da ya yi aikin kai saƙo a kan keke. Dattawa suka yi salati. Nasidi ya girgiza kai, har tausayinsa ya ji, ya ce a ransa wannan ba a koya masa komai ba a gida. Sai da ya gama sannan ya turo kekensa ya haye layi. Bature ya dubi agogo ya yi rubutu.

Rana ta biyu suka shiga firgi, baƙar ƙasar nan da ke daddarewa bayan damina. Tayar gaba ta faɗa wata tsaga, Nasidi ya yi sama ya dawo ƙasa, gwiwa ta fashe, kan keke ya karkace. Ya matse tayar tsakanin cinyoyinsa ya miƙar da kan, ya yage bakin rigarsa ya ɗaure gwiwa. Duk da haka shi ya fara shiga Dikwa. Nan ma ya sauka gaishe da dattawa kafin layi. Abin haushi, cikin dattawan akwai wanda ya san Malam Bala, ya riƙe hannun Nasidi ya yi ta sa masa albarka.

Da la'asar yana shafa wa sarƙa mai, Dzarma ya zo ya tsuguna kusa da shi.

"Ɗan'uwa, ka fi ni gudu, ni na sani. Amma agogon Baturen nan ba ya tsayawa sai tayarka ta taka layi. Lokacin kwana ukun ake haɗawa. Gaisuwarka ta jiya da ta yau ta sa na ba ka ratar minti goma sha uku."

"Amma ai kowa ya ga ni na riga ka."

"Kowa ya gani, agogo bai gani ba. Na so in yi shiru, zuciyata ta ƙi."

Nasidi ya je wurin akawu, akawu ya ce haka ne, ai an faɗa tun a Dandal. Daren nan ko tuwo bai iya ci ba. Ashe ladabin da yake taƙama da shi ne ke cinye masa keke!

Rana ta uku ita ce mafi tsawo. Nasidi ya tashi kamar wanda aka koro. Bai tsaya shan ruwa a Mafa ba, gwiwa na jini, bakinsa ya bushe, bai waiwaya ba. Da ya shigo Dandal babu kowa a bayansa, jama'a suka ɗauki ihu. Ga layi can, ga tabarmin dattawa a gindin dalbejiya kafin a kai gare shi. A bakin tabarmin kuwa ga Malam Bala, mutumin da ko ranar sallah da ƙyar yake barin rumfa, ya sa farar rigarsa. Da ya hango ɗansa ya miƙe, ya miƙo hannu, yana jiran ya sauka.

Yatsun Nasidi sun taɓa birki. Ya saki. Ya wuce ubansa har iskar keken ta kaɗa masa riga, ya tsallake layi.

Sai jira. Yana tsaye yana haki, idonsa a kan hanya, yana roƙon Allah Dzarma ya wuce minti goma sha uku bai iso ba. A minti na goma sha ɗaya dogon nan ya ɓullo. Da minti biyu Nasidi ya rasa keken.

Ya ɗingisa ya je ya durƙusa gaban ubansa. Malam Bala bai ɗaga murya ba. Ya ce, "An ce ɗana ne ya zo na ɗaya. Ni dai wani na ga ya wuce." Ya naɗe rigarsa ya koma rumfa.

Ƙarshen wata Alhaji ya sayar da keken, har yana mitar an lanƙwasa masa kai. Nasidi ya samu gindin wata bishiya a bakin Kasuwar Litinin ya zama mai faci. A nan ya yi furfura, yana gyara kekunan mutane, in ya gama sai ya juya taya da hannu ya miƙa wa mai shi, ba ya hawa.

Shekara tara yana sauka wa kowane tsoho a ƙasar Barno, ba wanda ya riƙe wannan. Sau ɗaya tak ya ƙi, shi aka riƙe. Daga inda yake zaune yakan ji, in wani ya wuce dattawa a kan keke bai sauka ba, sai su daka masa tsawa su ce, "Kai! Nasidi ne ya haife ka?"