Wayar da Aka Cusa Cikin Hijabi

Akwai wata Laraba da ta ƙi fita daga raina, a mako na uku bayan makarantarmu ta tura ni koyon aiki a wata masana'antar harhaɗa wayoyi a Sharada. Aikina shi ne in karɓi wayoyin gwaji da ma'aikata suka wuni da su, in rubuta ƙorafinsu, in sa hannu.

Sabuwar wayar an yi ta ne yadda masu rubuta manhaja na waje za su iya ɗora tasu. Ta farko da aka ɗora ta Malama Hadiza ce, wata matashiya daga Hotoro, manhajar sauraren darasi don matan da aiki ya hana zuwa aji. Sai ƙorafi ya yi yawa, wai karatun yana tsayawa da kansa.

Ni ba mai magana ba ce, kallo nake yi. Na lura duk masu ƙorafin mata ne, kuma kowacce cusa wayar take yi cikin hijabi a karkace, hannuwanta na kan aiki. Akwai ɗan ido a goshin waya da ke kashe gilashi idan ta kusanci fuska. A wannan wayar can kusurwa aka kai shi.

Injiniya Sabo, shugaban sashenmu, ya ajiye takarda a gabana. An riga an rubuta cewa laifin manhaja ne, a cire ta.

"Sa hannu, 'yar makaranta."

"Yallaɓai, ba laifinta ba ne."

"A'a! Ashe kina magana? Na ɗauka bebiya aka turo mana."

Aka yi dariya. Na ajiye biron.

"Wayar nan mun gwada ta ciki da waje," in ji shi.

"Maza ne suka gwada, Yallaɓai. A hannu suke riƙewa. Ku kunna rediyonta, wanda ku kuka sa."

Ya kunna. Na cusa ta cikin hijabina, na sunkuya kamar zan ɗauki kwali. Idon bai ga fuskata ba, gilashin bai mutu ba, kuncina ya danna shi. Rediyo ya yi tsit.

Injiniya ya ce, "To mata su daina cusa waya a hijabi mana."

Iya Talatu, dattijuwar da ke naɗe kwalaye, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Injiniya, da ƙafa za mu riƙe?"

Na tura masa takardar. "Ni dai ba zan sa hannu ba."

Ya soke rubutun da kansa, yana tsaki. Ba a cire manhajar Malama Hadiza ba, idon aka matso da shi tsakiya. Bai ce mini sannu ba, ban kuma jira ba.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki idan abu ya lalace, wanda ba ya ɗakin ake fara ɗora wa laifi. Ku da za a turo bayana, kafin ku sa hannu ku kalli yadda mutane ke riƙe wayar.